Hoton da Babayo Ya Aiko

Babayo ya aiko hoto daga ƙasar Sin.
Jikata Hajjo ta buɗe, ta matso min da wayar har bakin hanci.
Dutse ne, ya huda gajimare ya wuce,
ƙanƙara ta naɗa masa rawani,
a ƙirjinsa ga wani baƙin rami kamar bakin tulu,
ga tsummoki masu launi an shanya a igiya, iska na karanta su.
Ya rubuta: Baba, kogon mabiya Buda ne,
nan suke hawa ziyara, wasu da sanda, wasu da rarrafe,
an ce wani tsoho ya shekara uku a ciki bai ce uffan ba.

Malam Sambo mai gyaran keke ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce, wahalar banza, ya tofar da goro.
Ban tanka ba.

Da dare barci ya ƙi.
Na jawo tabarma ƙofar gida,
Dadin Kowa ta yi tsit, sai kwaɗi a bakin Gongola,
ga Bima can kwance cikin farin wata
kamar bijimin da ya gama kiwo.

Ina da shekara sha ɗaya aka ɗora min ƙwaryar fura,
aka rataya min gora,
aka ce kai wa Kaka Jalo, yana sama, yana halwa.
Ƙaya ta ci rabin wandona.
Gwaggon biri ya zauna a kan hanya yana kallona kamar mai karɓar haraji.
Sau biyu na zauna in yi kuka,
sau biyu na tuna furar ba tawa ba ce.

Kogon bai kai zauren gidanmu ba.
Buzu, buta, allo guda,
tasbaha ta ƙwallon dabino da yatsa ya cinye.
Warin jemage ya tare ni tun daga ƙofa.
Kaka bai ce sannu ba, ya nuna min ƙasa, na zauna.
A nan na fara jin jinina yana tafiya a kunnena.

Sai a kwana na arba'in ya buɗe baki.
Ya ɗaga fitila, ya ce dubi rufin.
Wannan baƙin hayaƙina ne.
Wancan na ƙarƙashinsa, mai ƙyalli kamar bayan tukunya,
a nan na tarar da shi.
Ya tona ƙasa da yatsa, ya zaro tsingaro mai zane.
Ya ce, ban san sunansu ba, ban san ina suka fuskanta ba,
Allah ne masanin wannan.
Abin da na sani, ƙafa ba ta hawa nan don ƙoshi.

Bara na gwada komawa.
Gwiwa ta kai ni gindin tsamiyar farko, ta ce iyakarta ke nan.
Na tsaya ina kallon yara masu kiwon awaki
suna tsalle a inda nake haki.

Da asuba na tashi Hajjo, na ce rubuta masa:
Babayo, ka riƙe sallarka.
In sun bar ka ka shiga, cire takalmi, rage murya,
kada ka haska wa tsoho wuta a ido don neman hoto.
Ka ɗaga kai ka dubi rufin,
ka gaya min ko baƙi ne.

Kwana tara shiru.
Ran na goma, ina alwalar la'asar, wayar ta yi ƙara.
Baba, baƙi ne ƙirin.
Fitilunsu da man shanu suke ci,
duk kogon ƙamshin ɗakin Inna yake.

Na ce Hajjo ta sake karantawa.
Ruwan butar ya ƙare a ƙasa
ban wanke ƙafar hagu ba.